Rigar da Aka Rataya a Ƙofarmu

Litinin, 8 ga Satumba, da rana

Makarantu za su koma mako mai zuwa, saboda haka yau ma ban ɗaga kai daga keken ɗinki ba sai da Bibiana ta ce abinci ya huce. Duk shekara haka ne. Iyaye su yi ta barci tun Yuli, sai hutu ya zo ƙarewa su farka su tuna akwai wata Dinatu mai ɗinkin kayan makaranta a kasuwar Sabon Gari, kuma kowa nasa ne na gaggawa.

Tobiloba ta zo, ƙawar 'yata Jemimah ta jami'a. Tana son rigunan 'yan mata, shuɗi da fari mai gidan dara, irin na makarantar gwamnati, manya da ƙanana. Na ce ina awo? Ta ce babu awo, in yanka kawai yadda na saba. Na ce na marayu ne? Ta ce, "Kusan haka ne, Mama," tana kallon rufi. Ita da Jemimah suna da wata ƙungiya ta neman a sa 'yan mata makaranta. Tun bara Jemimah ba ta da wani zance sai wannan. Ko gishiri ka ce ta miƙo maka, sai ta haɗa maka da jawabi. Na karɓi aikin.

Bibiana, 'yar ƙanin mijina da ke zaune da mu, ita ke sa maɓallai. Yau ma na samu riga ɗaya da ta gitta wa zare a gicciye, alhali layi biyu na koya mata. Kowane ɗinki sai ta yi min haka a guda ɗaya. Na yi mata faɗa, ta ce to.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Tobiloba ta zo da keke napep ta kwashe rigunan. An yi ruwa. Jemimah ba ta zo gida ba, wai karatu ya yi yawa a hostel. Bayana na ciwo.

Litinin, 15 ga Satumba, da safe

Da muka fito daga gida a Samaru, na ga rigar makaranta rataye da hanga a ƙofar wani malamin jami'a. Na ɗauka shanya ce aka manta. Kafin mu kai bakin titi na ga ta biyu, na ga ta uku. Shuɗi da fari, gidan dara. Mutum ba ya ɓata ɗinkinsa ko daga nesa.

A motar zuwa unguwar PZ wata mata kusa da ni tana kallon waya da ƙara. Muryar 'yata ce. Tana cewa, "Duk gidan da kuka ga riga a ƙofa yau, akwai yarinya a ciki da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Ita ke wanke yunifom ɗin yaran gida, ita ke gogewa, ita ke raka su bakin get ta koma. Tambayarmu ɗaya ce: ina tata rigar?" Ta yi kyau a hoton, sai dai ɗankwalin nawa ne, kuma tun Ista nake nemansa.

Matar ta juyo ta ce min, "Ita wannan ba ta da iyaye ne?" Na ce Allah ya kyauta. Na kalli taga har Kwangila. Bibiana na riƙe da jakar zare a cinya, ita ma taga take kallo.

Litinin ɗin, bayan an tashi kasuwa

Maman Nedu mai yadi, wadda shagonta ke manne da nawa, ta shigo ba sallama ta shimfiɗa riga a kan teburin yanka. A ƙofar gidanta na unguwar Zabi aka rataya, saboda Diana, yarinyar da ke mata aikin gida da shago. Ta juya ƙasan rigar ta sa hannu a kan kalmasar. Nakan bar kalmasa yatsu huɗu don yarinya ta girma a cikin rigarta, duk kasuwa an san ni da shi, har alfahari nake yi.

Ta ce, "Maman Jemimah, na your hand be this, ɗinkinki ne. Ni ki saya yadi wajena, ki ɗinka, a kawo a rataya min a ƙofa?"

Na ce ban san abin da za a yi da su ba. Ta ce ta yarda. Yadda ta faɗi ta yardan ya fi zagi ciwo. Ta bar rigar ta fita, daga baya ta aiko Diana ta ɗauka.

Diana da Bibiana 'yan yanki ɗaya ne, ƙauyukansu ana jiyo ƙararrawar cocin juna. Kullum da rana sukan zauna bayan shaguna su ci abinci suna yarensu. Yau ba su zauna ba.

Na kira Jemimah, wayar na shiga, ba ta ɗauka. Na ji haushi sosai. Na gama wanduna na wata makarantar kuɗi.

Talata, 16 ga Satumba, da safe

Ba a rataya komai a ƙofarmu ba, kuma daidai ne. Mu ba mu da 'yar aiki. Bibiana jininmu ce, a kwano ɗaya take ci da mu. Da muka taho da ita bayan Kirsimeti shekara uku da suka wuce, zangon karatu ya riga ya yi nisa, aka ce a bari sai Satumba. Da Satumba ta zo idona na hagu ya fara hazo, ramin allura ya daina ganuwa. Ita kuma hannunta na da kyau. Sana'a ma ai ilimi ce, ni da sana'ar nan na yi wa Jemimah karatu har jami'a.

Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Alhamis, 18 ga Satumba, da yamma

Taron Zumuntar Mata a coci. Na ɗaura zanin zumunta na tafi kamar kullum. Ni ke buga babban tulun kiɗa tun Jemimah na goye. Da na shiga na tarar da shi tsakanin ƙafafun wata, tana ta dukansa kamar ya yi mata laifi. Ba wadda ta ce min komai. Benci na biyu da nake zama ya cika ƙwarai, ko da yake ni na ga wuri.

Bayan addu'a shugaba ta ce akwai abin da ya shigo ikkilisiya wanda ba na gini ba ne. Ba ta kira suna ba, sai dai kowa ya juyo. Wata ta ce ita yarinyar da ke gidanta da ba ta ɗauko ta ba da yanzu tana yawon ɗiban itace. Wata ta ce mijinta ya ga ƙofarsa a waya tun daga Abuja. Sai wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Su ai tasu ƙofar hanga ba ya kamawa." Aka yi dariya kaɗan.

Na rera waƙar rufewa da su har ƙarshe. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam na lura.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Jemimah ta zo. Ta rame, amma bakin yana nan. Na ce me ya sa ba ki gaya min abin da za a yi da rigunan ba? Ta ce, "Da na gaya miki za ki ɗinka?" Na ce a'a. Ta ce, "To."

Na gaya mata abin da aka faɗa a Zumunta kan ƙofarmu. Na faɗa ne don ta ji irin abin da ta jawo min. Sai ta ce a ƙungiyarsu ma an yi mata wannan maganar.

"Mama, tun ina aji ɗaya a jami'a nake roƙonki kan Bibiana. Honestly na gaji. Kullum sai ki ce bayan wannan aikin."

Na ce ki je ki tambayi abincin da kike ci daga ina yake fitowa. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ya wuce mata. Babanta Shekari yana tsakar gida yana gyaran rediyo, rediyon da lafiyarsa lau. Bibiana na ɓare masara a bakin kicin. Duk maganar a kanta ake yi, ba wanda ya kalli wajen.

Jemimah ta tafi ba ta ci ba. Ta ajiye min ɗankwalina a kan gado, a wanke, a goge.

Litinin, 22 ga Satumba, da sassafe

Yau tamu ƙofar.

Litinin ɗin, da yamma

Bibiana ce ta fara gani da ta fita shara. Ba ta taɓa ba, ta share ƙarƙashinta ta dawo. Baban Jemimah ne ya fita ya ciro ta da singileti, maƙwabta na kallo. Yana cikin dattawan ikkilisiya, bai saba a gan shi ba riga ba. Ya jefa min ita a cinya ya ce, "Ga aikinku, ke da 'yarki."

Ɗinkin ba laifi. Wuyan ya zauna, kalmasa yatsu huɗu, maɓallai layi biyu. Na ninke na sa a ƙasan akwati.

Mun je shago. Bibiana ta sa maɓallai.

Laraba, 24 ga Satumba, da rana

An fara mayar da yara ƙauye. Ban yi tunanin wannan ba, kuma na tabbata su Jemimah ma ba su yi ba. Su a tunaninsu kunya za ta sa mutane su kai yara aji. Kunyar ta sa sun kai su tasha. Wanda ba yarinya a gidansa ai ba a rataya masa riga.

Yau da safe Maman Nedu ta sa Diana a mota. Ta biyo da ita ta shago da jakar bakko don ta yi sallama. Diana ta durƙusa ta gaishe ni, na ba ta guntun atamfa da ya rage. Ita da Bibiana suka tsaya a bakin ƙofa, ba su ce komai ba ko da yarensu. Maman Nedu ta ce da ni, ba ta kalle ni ba, "Make she go. Ni ban iya wannan surutu ba. In sun gama video ɗinsu ta dawo."

Makarantar yankinsu a rufe take tun harin da aka kai bara. Kowa ya san wannan. Ni ma ban ce komai ba, ina da wanduna a ƙarƙashin allura.

Juma'a, 26 ga Satumba, da yamma

Ba wuta. Na yi guga da gawayi. Wata ta zo ta karɓi yadinta ba a yanka ba, wai ta canza shawara.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan sujada

Dattawa sun zauna. Suna son Jemimah ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafara, ta kuma cire abin da ta sa a waya. Baban Jemimah ya dawo bai cire takalmi ba ya zauna a falo. Ya ce Fasto ya yi magana mai kyau, bai goyi bayan kowa ba. Na ce ai shi ya sa ya daɗe a nan.

A sujada an yi addu'a domin 'yan'uwanmu na kudancin jiha da aka kai wa hari, an ambaci sunayen ƙauyuka. Na Diana na ciki. Na su Bibiana ba ya ciki, amma na kusa da shi yana ciki. Bibiana na zaune gefena. Ta ce amin a inda ake cewa.

Talata, 30 ga Satumba, da rana

Shagon Maman Nedu a rufe jiya da yau. Wayar kawun Diana ba ta shiga. Bibiana ta ci abinci ita kaɗai a bayan shago, ta dawo da wuri.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Hutu ne amma na buɗe. Maman Nedu ma ta buɗe, ba ta fito da kaya ba. Can da rana ta leƙo ta ce an ji daga Diana. Tana da rai. Ƙauyen ne babu kowa, an kwashe su zuwa wata firamare a garin ƙaramar hukuma, nan suke kwana, iyali-iyali a aji ɗaya. Ba a san inda uwarta take ba tukuna. Sauran abin da ta faɗa ba zan rubuta ba.

Ta ce, "To, ki gaya ma Jemimah Diana ta shiga aji." Daga nan ta zauna a kan kujerar kwastoma ta yi kuka, ni kuma na ci gaba da taka keke don 'yan layi kada su ji.

A gida Baban Jemimah ya ce ya yi magana da ƙaninsa. Ranar Asabar zai sa Bibiana a mota. Ya ce ya gaji da nuni da baki, kuma in yarinyar na gaban iyayenta ba wanda zai ce ya ci amana. Na gaya masa labarin Diana. Ya ce nasu ƙauyen ba a taɓa ba. Na ce tukuna. Ya ce, "Dinatu, ke kika hana ta makaranta, ba ni ba. Yanzu kuma me kike so?"

Na kwashe kwanuka.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da la'asar

Ban je Zumunta ba. Jemimah ta zo, ta riga ta ji labarin Diana. Ban taɓa ganin 'yata ta shigo gida ba magana ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado ta ce, "Ni na kore su, Mama." Na so in ce ai na gaya miki, sai na tuna ban gaya mata komai ba. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce ba ke kika sa kowa a mota ba, tashi ki ci abinci.

Da ta ji maganar Asabar sai ta miƙe, bakin ya dawo. Ta ce ina rigar? Ta buɗe akwati da kanta ta ciro, ta ƙwala wa Bibiana kira ta ce ta sa, Litinin ita da kanta za ta kai ta, kowa ya yi abin da zai yi.

Bibiana ta sa. Rigar ta tsaya a kafaɗa ta ƙi sauka. Jemimah ta ja, ɗinkin hammata ya yi ƙara. Ko an saki kalmasar gaba ɗaya ba za ta rufe gwiwa ba. Ashe da Jemimah za ta rataya mana, rigar 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗauko, ta Bibianar da ta sauka daga mota bayan Kirsimeti. Ni kuwa da nake awon rabin yaran Sabon Gari da ido, na riƙe rigar nan a hannuna, na duba wuya, na duba kalmasa, ban ga ta yi kaɗan ba.

Bibiana ta cire a hankali don kada ta yage. Ta ninke yadda na koya mata. Ta ce, "Ai wannan ba tawa ba ce."

Jemimah ta ce kamar yaya?

Ta ce, "Tawa tana cikin waɗanda Anti Tobi ta kwasa. Babbar. Na gitta mata zare." Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. "Kowane ɗinki nakan zaɓi ɗaya wadda za ta yi min, Mama. Ba ɗauka nake ba. Don in na gan ta a hanya jikin wata in gane ta ne kawai."

Can Jemimah ta tambaye ta, da ƙaramar murya, ko tana son makarantar. Ta ce tana so, amma a aji uku ta tsaya a ƙauye, kuma ta fi duk 'yan firamare tsawo, za su yi mata dariya. Ta ce in za a bar ta ta zauna a baya, ba komai. Ta ce ƙauye kam tana tsoro. Sai ta ce tuwo na kan wuta, ta fita.

Shekara uku ina yi mata faɗa a kan maɓallan nan.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Na ce Bibiana ta ajiye allura ta tsaya tsakiyar shago. Ta ɗauka laifi ta yi. Na ciro tef daga wuyana. Ban taɓa auna ta ba, tsofaffin kayan Jemimah take sawa ina rage mata. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Ta riƙe numfashi kamar yadda yara ke yi, na ce saki, ba soja za ki shiga ba. Kafaɗarta ta kusa tawa. Akwai tabon ƙuna a damtsenta na dama, na dutsen guga, ban san lokacin da ta samu ba.

Yadin gidan dara ya ƙare min. Na shiga wajen Maman Nedu. Ta auna ta yanka ba ta tambayi na waye ba. Da zan fita ta ƙara yanka wani ta ɗora min a kai, ta ce Baban Nedu zai tafi garin can gobe ya ga ko za a ba shi Diana. Ta ce ba ta san awonta ba. Na ce Bibiana za ta sani. Na ce ina wadda aka rataya miki? Ta ce Diana ta tafi da ita a jaka, ita ce babba, ta yi mata daidai.

Na yanka ta Bibiana. Almakashin na bukatar washi.

Asabar, 4 ga Oktoba, da safe

Baban Jemimah ya shirya, ya sa hula, ya ce Bibiana ta fito da jakarta. Na ce ba ta haɗa ba, ni na ce kada ta haɗa. Ya ce saboda me? Na ce rigarta na kan keke, ni kuma ban taɓa barin mai kaya ya yi tafiya ɗinkinsa bai ƙare ba.

Ya ce, "Da idon naki fa? Wa zai riƙa sa miki zare?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ban sani ba.

Ya ce to dattawa fa? Na ce su dattawa maganar Jemimah suke yi, Jemimah kuwa tana da bakinta. Ya tsaya a tsakar gida da hula a kai, ya daɗe. Daga baya ya ce zai kira ƙaninsa ya ce hanya ba kyau, wanda ba ƙarya ba ne. Ya cire hular ya ɗauko rediyo.

Bai ci abincin rana ba. Na rufe masa.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan sujada

Jemimah ta tsaya gaban jama'a. Ta ce tana neman gafarar yaran da aka mayar, ta kira sunayensu ɗaya-ɗaya, na Diana a ƙarshe. Ta ce ta yi kuskure da ba ta fara tambayar su ba. Ba ta nemi gafarar kowa ba bayan su. Fasto ya ta da waƙa da sauri. Ban san ko dattawa za su ƙirga wannan a matsayin tuba ba. Tulun yana wajen waccan har yanzu, ba ta iya ba har yanzu.

Litinin, 6 ga Oktoba, da rana

Ni na kai ta, ba Jemimah ba. Jemimah ta so zuwa da waya, na ce ta bar ta a gida ko ta zauna tare da ita. Shugabar makarantar ta gwada karatunta ta ce aji huɗu. Yaran ajin duk iyakarsu kafaɗarta. Sun yi dariya, kamar yadda ta ce. Ta wuce ta zauna a bencin baya, ta gyara ƙasan rigar, ba ta waiwayo taga ba. Na ɗan tsaya, sannan na je na hau motar PZ ni kaɗai da jakar zare.

Shagon ya yi faɗi. Ba a ji daga Baban Nedu ba tukuna. Ina da riguna jibge ba maɓallai, masu su kuma za su zo Laraba. Na yi ta kai zare bakin allura yana wucewa ta gefe, har na fita bakin ƙofa wajen haske, mai lemo na kallona. Ina jin tsoron yadda aikin nan zai kasance, wannan ban gaya wa kowa ba.

Rigar ta zauna mata. Na bar kalmasa yatsu huɗu, ko da yake ban ga alamar za ta ƙara tsawo da yawa ba. Maɓallan jiya da yamma na sa su da kaina, ta ce in kawo ta taya ni, na ce a'a. Sun ɗauke ni lokaci, na soki yatsa sau da yawa. Na gitta zaren.